Yadda Makaranta Za Ta Dawo wa Yaro Ɗan Gudun Hijira da Natsuwa

Abin da gudun hijira ke fara ƙwacewa daga hannun yaro shi ne sanin abin da gobe za ta zo da shi. Yaron da ya saba tashi a ɗaki ɗaya, ya bi hanya ɗaya, ya tarar da fuskokin da ya sani, sai ya wayi gari a wurin da bai san sunansa ba, manyan da yake dogara da su kuma su kansu ba su da tabbacin inda za a kwana. An shirya wannan bayani ne domin malamai, shugabannin makarantu da masu aikin sa-kai da aka ɗora wa nauyin karantar da irin waɗannan yara, ko a cikin sansani ne ko a makarantar gari da ta karɓi baƙi.

Rahotannin Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNHCR, na 'yan shekarun nan suna nuna cewa kusan rabin yaran 'yan gudun hijira da suka isa shiga makaranta ba sa zuwa, kuma giɓin ya fi faɗi a matakin sakandare. Karatun nan ba alfarma ba ce ake yi musu: Sashe na 22 na Yarjejeniyar 'Yan Gudun Hijira ta 1951 ya tanadi a ba su ilimin firamare daidai da 'yan ƙasa, sannan Sashe na 39 na Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta 1989 ya ɗora wa ƙasashe nauyin taimaka wa yaron da yaƙi ya taɓa ya farfaɗo a jikinsa da tunaninsa. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum 1 cikin 5 a yankunan da rikici ya shafa yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, tun daga mai sauƙi har mai tsanani. Adadin yana da girma, amma ya kamata malami ya karanta shi ta ɗaya ɓangaren ma: mafi yawan yaran da ke zaune a gabansa ba marasa lafiya ba ne, yara ne da suka ga abin tsoro, kuma galibinsu za su warware da kansu idan rayuwa ta koma kan tsari, suka kuma sami babban mutum da za su amince da shi. Waɗannan abubuwa biyu makaranta na iya samarwa kowace safiya ba tare da likita ba.

A karɓi yaro tukuna, takardu su biyo baya

Iyalin da suka tsere cikin dare ba su tsaya ɗaukar takardar haihuwa ko sakamakon jarrabawar zangon ƙarshe ba, don haka shugaban makarantar da ya ce sai an kawo su kafin a yi rajista ya rufe ƙofa ke nan ko da bai yi niyya ba. A rubuta sunan yaro a ranar da ya zo, a karɓi bayanin iyaye ko na wanda ke riƙe da shi game da shekarunsa da ajin da ya tsaya, sannan a gwada shi cikin raha, a ba shi ɗan rubutu ya karanta da ɗan lissafi, ba tare da an kira abin jarrabawa ba. A yi tambayoyin iyali a keɓe. Tambayar da ba ta da nauyi ga sauran yara, kamar "Ina mahaifinka yake aiki?", tana iya zama mafi nauyin abin da za a tambayi wannan yaron a gaban aji. Kafin a kai shi wurin zamansa, a zaɓi wani ɗalibi mai sanyin hali ya nuna masa wurin ruwa, ban-ɗaki da filin wasa, ya kuma zauna kusa da shi a makonnin farko.

Ranar da ba ta ba da mamaki

Wannan shi ne ginshiƙin aikin, kuma shi ne abin da aka fi rainawa saboda ba ya buƙatar kuɗi ko kwas na musamman. Jikin da ya daɗe cikin fargaba yakan kasance a ɗare ko bayan hatsarin ya wuce: zuciya na saurin bugawa, barci ba ya nisa, kunne na sauraron kowane motsi. Ƙwaƙwalwar da ta duƙufa wajen gadin rai ba ta da sararin riƙe jadawalin sau ko ƙa'idar nahawu, kuma wannan ne dalilin da ya sa yaro mai hazaƙa zai haddace abu yau, gobe ya nema ya rasa. Jiki yana sakin wannan gadi ne sannu a hankali, idan ya yi ta ganin cewa abin da ya zata zai faru shi ne ke faruwa.

Saboda haka a fara darasi a lokaci ɗaya kowace rana, a kuma fara shi da abu ɗaya. Malami ya tsaya a bakin ƙofa ya gaida kowane yaro da sunansa, ya kuma koyi furta sunan daidai ko da baƙo ne a harshensa. A rubuta tsarin ranar a gefen allo, a riƙa share abin da aka gama, domin yaro ya ga inda aka kwana da abin da ya rage. Idan za a samu sauyi, a faɗa tun da wuri: "Gobe ba zan zo ba, wata malama ce za ta karantar da ku, ni kuma zan dawo jibi." Ga yaron da mutane suka sha ɓacewa daga rayuwarsa babu sallama, malamin da ya ce zai dawo jibi kuma ya dawo jibin ya koyar da wani darasi da babu shi a cikin manhaja.

Ƙarancin lokaci ba uzuri ba ne. A Lebanon da Jordan an buɗe karatun rana, bayan 'yan safe sun tashi, a makarantun gwamnati domin yaran Siriya, kuma sa'o'in ba su kai na safe armashi ba, amma ko sa'o'i uku ne ake da su, ana iya tsara su yadda yaro zai san farkonsu da ƙarshensu. A kula da ƙara kuma. Ƙarfen da ake bugawa don tashi, usur, ƙofar da iska ke bankawa, jirgin sama da ke wucewa, duk suna iya mayar da yaro inda ya fito cikin daƙiƙa guda. A nuna wa sabon ɗalibi ƙararrawar a gaya masa lokutan da ake kaɗa ta, kuma kada a taɓa yin atisayen fita cikin gaggawa ba tare da an sanar da yara ba. Wanda ya nace sai ya zauna inda yake ganin ƙofa, a bar shi.

Karanta hali kafin a yanke hukunci

An ce labarin zuciya a tambayi fuska, sai dai damuwar yaro ba kullum take fitowa a fuska ba, ta hanyoyi dabam-dabam take ɓullowa. Ƙananan yara sukan koma fitsarin kwance, ko tsotsar yatsa, ko su manne wa malama su ƙi saki. Na tsakiya sukan yi ta ƙorafin ciwon kai da ciwon ciki ba tare da an ga wata cuta ba, ko su riƙa gyangyaɗi saboda mugayen mafarkai sun hana su barci. Matasa kuma abin yakan fito musu a matsayin faɗa, taurin kai, ko halin ko-in-kula. Wanda ya fi saurin kuɓuce wa ido shi ne yaro mai shiru da ladabi, wanda ba ya damun kowa. Malami mai ɗalibai tamanin zai gode wa Allah da shi, alhali wataƙila shi ne ya fi kowa nutsewa.

A ɗauki misali: iska ta banko taga da ƙarfi, sai wata yarinya ta faɗa ƙarƙashin benci ta toshe kunnuwanta, sauran yara suka fashe da dariya. Abin da ya dace shi ne malama ta ba ajin wani aiki da zai ɗauke idanunsu daga kanta, ta matso a hankali ta durƙusa daidai tsayin yarinyar, ba tare da ta taɓa ta ko ta jawo ta ba, ta kira sunanta da murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Taga ce iska ta buga. Kina cikin aji, ga ni nan tare da ke." Idan numfashinta ya fara daidaita, sai ta ce ta faɗi abubuwa uku da take gani a ɗakin, domin hankalinta ya dawo inda jikinta yake. Ba a tambayar ta abin da ta tuna. Daga baya, a wani lokaci dabam, sai a yi wa ajin duka bayani cewa jikin mutum yakan razana da ƙara bayan ya sha tsoro, kuma hakan ba hauka ba ne, ba kuma abin dariya ba.

Wannan bayani da kansa magani ne, domin yara da yawa suna ɓoye abin da suke ji ne saboda suna zaton sun zauce. Ƙungiyar agajin 'yan gudun hijira ta Norway, tare da Jami'ar Tromso, ta gina wani shiri na makarantu a kan wannan tushe: a fahimtar da yara yadda jiki ke amsa tsoro, a koya musu dabarun kwantar da shi, sannan a ba da kulawa ta musamman ga masu fama da mugayen mafarkai. Mafi sauƙin dabarun shi ne numfashi: a shaƙi iska ta hanci ana ƙirga huɗu, a fitar ta baki a hankali ana ƙirga shida, a maimaita na minti biyu. A yi shi da ajin gaba ɗaya a matsayin al'adar buɗe darasi, kada a ware wasu a ce su ne masu matsala, kuma kada a tilasta wa kowa rufe ido.

Game da bulala, ra'ayina ba shi da kwana-kwana. Yaron da ya ga manya suna amfani da ƙarfi a kan marasa ƙarfi, idan ya zo makaranta ya tarar da haka, an tabbatar masa cewa duniya duk ɗaya ce. Wannan ba ya nufin a bar aji kara zube, domin rashin doka ma tsoratar da yaro yake yi. A tsara dokoki kaɗan tare da ɗaliban, a rubuta su a bango, kowa ya san abin da zai biyo baya idan ya karya, kuma abin da ya biyo bayan ya kasance gyaran ɓarnar da aka yi, iri ɗaya ga kowa, yau da gobe.

Kada a tono labarin

Malami mai tausayi yakan ɗauka cewa idan yaro ya amayar da abin da ya gani zai samu sauƙi, sai ya zaunar da shi ya ce ya ba shi labari, ko ya ce wa aji su zana abin da ya faru a garinsu. Niyyar kyakkyawa ce, amma aikin na iya yin illa. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta goyon bayan a zaunar da mutum zama guda a sa shi ya zayyana abin tashin hankalin da ya same shi. Jagorar taimakon farko na tunani da ta fitar a 2011 tare da wasu ƙungiyoyi biyu ta taƙaita aikin a abubuwa uku ne: a duba, a saurara, a haɗa mutum da taimakon da yake buƙata. Sauraro kuwa dabam yake da tuhuma.

A ba yara damar zane, waƙa, wasan kwaikwayo da guje-guje, amma a bar musu zaɓin abin da za su zana. Idan yaro ya zana bindiga da wuta, kada a ƙwace takardar, kada kuma a ɗaga ta a nuna wa aji, ya isa a ce, "Idan kana so ka gaya mini wani abu game da zanen nan, ina saurare." A sake duba ayyukan da aka saba bayarwa ba tare da tunani ba, irin su "Rubuta labarin gidanku" ko "Zana iyalinka", a ƙara musu zaɓi na biyu. Haka nan shugaban makaranta ya tsaya tsayin daka a kan baƙi masu zuwa da kyamara suna neman yaron da labarinsa ya fi ban tausayi. Su za su tafi da hotonsu, malami ne za a bari da yaron da ya kasa barci a daren.

Idan kuma yaro da kansa ya buɗe baki, to a ajiye abin da ake yi a saurare shi. Kada a katse shi, kada a nemi ƙarin bayani, kada a nuna kaɗuwar da za ta sa ya ji ya ɗora wa malaminsa nauyi. A gode masa da ya faɗa, a gaya masa cewa abin da ya faru ba laifinsa ba ne, domin ƙananan yara sukan ɗora wa kansu alhakin abubuwan da ba su da hannu a ciki. Kada a yi masa alkawarin abin da ba a da iko a kai, kamar komawa gida ko dawowar wanda ya ɓace. Kada kuma a yi alkawarin rufe sirri ɗungurungum; a ce masa tun farko, "Ba zan yaɗa maganarka ba, amma idan akwai mai cutar da kai yanzu, dole in sanar da wanda zai kare ka."

Harshe, manhaja da 'ya'yan masu masauki

Ƙasashe sun bi hanyoyi dabam-dabam. Turkiyya ta fara da cibiyoyin wucin-gadi da ake koyar da yaran Siriya da Larabci, daga 2016 kuma ta fara mayar da yaran zuwa makarantun gwamnati. Chadi ta sauya wa 'yan gudun hijirar Sudan manhaja zuwa tata a 2014. A sansanonin 'yan Rohingya na Cox's Bazar a Bangladesh kuwa, manhajar Myanmar, ƙasar da suka fito, aka fara gwadawa a 2021. Yarjejeniyar duniya kan 'yan gudun hijira ta 2018 ta karkata ga shigar da yara cikin tsarin ilimin ƙasar da ta karɓe su, kuma ina ganin hakan ya fi, domin hijira takan ɗauki shekaru masu yawa fiye da yadda ake zato a farkonta. Sai dai yaron da aka zaunar a aji bai fahimci ko kalma ɗaya ba yana cikin kaɗaici ne a tsakiyar jama'a. A ware masa ƙarin lokaci na koyon harshen, a nemi mataimaki daga cikin al'ummarsu da zai riƙa fassara, kuma kada a hukunta shi don ya yi magana da harshen uwarsa.

Idan aka raba jaka da littattafai ga baƙi kaɗai, aka tsallake 'ya'yan masu masauki waɗanda su ma talauci ke damun su, an shuka gaba ke nan da hannun mai taimako. A raba wa kowa, a gauraya su a benci da ƙungiyoyin wasa, a kuma ɗauki zolaya da sunayen tsangwama da muhimmanci tun ranar da aka fara jin su.

Saurayi mai shekara 14 da ya rasa karatun shekara huɗu ba zai jure zama da 'yan shekara 8 ba, kunya za ta kore shi kafin zango ya ƙare. Irinsa ake yi wa ajin karatun gaggawa, inda ake dunƙule manhajar firamare cikin shekaru kaɗan tare da sa'o'insa, da sharaɗin takardar da zai samu ta zama wadda hukuma ta amince da ita. 'Yan mata kuma sau da yawa abin da ke raba su da aji ba ya cikin ajin: hanya mara tsaro, ban-ɗaki mara ƙofa, rashin audugar mata lokacin al'ada.

Iyaye da malamin kansa

Natsuwar yaro tana da alaƙa ta kusa da ta wanda ke riƙe da shi. A gayyaci iyaye tun kafin a samu matsala, a fara da faɗa musu abin da ɗansu ya iya, a nemi tafinta babba maimakon a sa yaro ya fassara zancen da ya shafe shi. A yi musu bayanin cewa fitsarin kwance da firgita cikin barci ba iskanci ba ne, duka kuma ƙara su yake yi.

A sansanoni da yawa malamin shi ma ɗan gudun hijira ne, ɗan alawus kawai yake karɓa, kuma abin da ya koro ɗalibansa shi ya koro shi. Shugaban makaranta ya ware lokaci a kowane mako da malamai za su zauna su tattauna abin da ya yi musu nauyi, ya kuma lura da wanda ya fara saurin fushi ko yawan fashi, ya tunkare shi da tambaya kafin takardar gargaɗi.

Inda aikin malami ya tsaya

Jagorar da hukumomin agaji na duniya suka fitar a 2007 kan lafiyar ƙwaƙwalwa a lokutan gaggawa ta kasa taimako hawa huɗu: tsaro da buƙatun yau da kullum, tallafin iyali da al'umma, taimako na musamman daga wanda aka horar ko da ba ƙwararre ba ne, sai kuma kulawar ƙwararru ga 'yan kaɗan. Yawancin aikin makaranta a hawa biyu na farko yake, kuma sanin iyaka wani ɓangare ne na iya aiki. A miƙa yaro ga ma'aikacin lafiya ko jami'in kare yara idan makonni sun shuɗe abin na ƙaruwa maimakon raguwa, ko ya daina magana ko cin abinci, ko yana jin muryoyin da babu su, ko yana yi wa kansa rauni, ko an ga alamar ana cin zarafinsa. Idan ya ambaci kashe kansa, ba a jira gobe: kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da abin da zai iya cutar da kansa da shi, a nemi taimako a ranar. Tambayarsa kai tsaye ko yana irin wannan tunani ba ta cusa masa shi.

Kada a bari sai buƙata ta taso kafin a fara neman inda za a kai yaro. Tun farkon zango shugaban makaranta ya san asibiti ko ƙungiyar da ke karɓar irin waɗannan yara, ranakun da suke aiki da wanda za a tuntuɓa, ya kuma naɗa malami ɗaya da zai riƙa bin sawun kowane yaro da aka tura. Tun 2015 akwai jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNHCR suka shirya domin ma'aikatan lafiya da ba likitocin ƙwaƙwalwa ba, saboda haka ƙaramin asibiti ma na iya samun wanda aka horar. Yaron da aka tura kuma ya ci gaba da zuwa aji, kada turawar ta zama sallama.

Wata rana iyalin za su tashi, ko zuwa gida, ko wani sansani, ko wata ƙasa ta uku, kuma sau da yawa sanarwar takan zo a ƙurarren lokaci. Don haka a riƙa sabunta takardar sakamakon kowane ɗalibi a ƙarshen kowane zango, ɗauke da ajinsa, darussan da ya kammala, hatimi da sa hannun shugaban makaranta, a ba iyaye kwafi, a kuma ɗauki hotonta a waya idan da hali. Bayanan da suka shafi lafiyarsa ko sirrin iyalinsa ba sa shiga wannan takarda, kuma ba a miƙa su ga kowa sai da yardar iyaye. A ba ajin minti goma su yi masa ban-kwana, idan kuma tafiyar ta zo ba zato, a gaya wa sauran yaran washegari cewa ya tafi tare da iyalinsa, domin kada su tarar da gurbinsa babu kowa su cike giɓin da abin da suka fi tsoro.